Sanda Daidai da Mai Ita

Wannan 'yar takarda maganar sanda ta ke yi. In akwai mai karatu a gidan, ya tara jama'a da yamma ya karanta musu, sa'an nan ya kai wa kafintan garin shi ma ya ji, don akwai rabonsa a ciki. Ba sandar kiwo mu ke nufi ba, ba kuwa kwagirin ado ba. Muna nufin abin da mara lafiya ke dogarawa ya miƙe tsaye, watau sandunan hammata waɗanda a ke ce wa sandar guragu, da sandar hannu wadda tsofaffi ke riƙewa, da kuma madogarin nan mai ƙafa huɗu wanda mutum ke dafawa da hannu biyu, ya ɗaga shi gaba, ya bi.

Kowa ya sani in za a ɗinka wa yaro rigar salla sai an kai shi wurin tela an auna shi. In takalmi za a saya, ko yaron bai je kasuwa ba, a kan karyo kara daidai tafin ƙafarsa a tafi da shi. Amma in aka zo ga sandar da mutum zai ɗora nauyin jikinsa duka a kanta, sai a aiki yaro bayan gari ya saro ko wace iri, ko kuwa a aro ta wani maƙwabci wanda ya warke, a miƙa wa majiyyaci a ce, "Ungo, Allah ya ba ka lafiya." Ba wanda ya tsaya ya duba ko ta yi masa tsawo, ko ta gaza.

A ganinmu wannan kuskure ne babba. Sanda magani ce, kuma kamar kowane magani tana da gwargwado. In ta wuce gwargwadonta ta yi ɓarna, in ta kasa ta yi ɓarna. Saboda haka mu ke cewa sandar da a ke iya ƙara wa tsawo a kuma rage, ita ce ta dace da gidajenmu na ƙauye, kuma ya kamata kowane gari ya ajiye kaɗan daga irinta, a riƙa ba da aro.

Kada wani ya ce wannan magana ta guragu ce kaɗai, ba ta shafe shi ba. Ku duba garinku. Akwai saurayin da babur ya kayar a hanyar kasuwa, ƙafa ta karye. Akwai wanda ya faɗo daga kan gini ko daga kan itace wajen saran ganye wa dabbobi. Akwai tsohuwar da gwiwoyinta suka ƙi ta, tun da hantsi tana zaune wuri ɗaya har rana ta same ta. Akwai dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ciwon suga ya ci ƙafarsa har aka yanke. Sa'an nan ga waɗanda shan inna ta taɓa. Gaskiya ne an ci ƙarfin wannan cuta: a shekarar 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayarta ta daji ta kama a Nijeriya, can Jihar Borno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Amma a shekarar 2006 kaɗai an ƙidaya yara fiye da 1,000 da ta shanye a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan yara ba su tafi ko'ina ba. Suna nan tare da mu, sun zama samari da 'yan mata, waɗansu magidanta. Har yanzu kuwa akwai wani iri nata da ke ɓullowa inda yara ba su sami ɗigon rigakafi ba, don haka in masu ɗigo sun zo ku fito da yaranku.

Abin da doguwar sanda ke yi

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata rana, ana dab da shiga damina, aka kawo mini wani saurayi manomi. Ƙafarsa ta karye wajen mako shida kafin nan, an gyara ta, tana warkewa sarai. Ba ƙafar ta kawo shi ba, hannu ne. Ya ɗaga hannun dama ya nuna mini, sai ga shi ya langaɓe daga wuyan hannu, yatsu na reto, ba ya iya miƙe su. Ko kofin ruwa ba ya iya ɗauka da kyau. Uwarsa ta tabbata jifa ce, har an fara neman mai magani.

Na ce ya tashi tsaye da sandunansa in gani. Ashe na kawunsa ne, wani dogon mutum wanda ya fi shi da kusan tafin hannu guda. Sandunan sun cusa cikin hammatarsa, kafaɗunsa sun ɗage har kusa da kunne, ya rataye a kansu kamar rigar da aka shanya. Haka ya yi mako shida yana tafiya.

Ga abin da ya faru. A cikin hammata akwai manyan jijiyoyi da ke sauka daga wuya zuwa hannu, su ke kai umurni ga yatsu. Ba wani ƙashi da ya kare su a wurin, fata ce kawai da ɗan nama. Kun san yadda in mutum ya kwana a kan hannunsa ya kan farka ya ji hannun ya mutu, sai ya yarfa shi kafin ya dawo. To, wanda ke rataya a kan sanda haka ya ke danne jijiyar nan kowane taku, safe da yamma. Da farko zai ji yatsu suna yi masa kamar ana tsikararsa da allura. In bai bari ba sai hannun ya saki. Galibi in an daina dannewa jijiyar ta kan farfaɗo, amma a hankali, makonni ko watanni. Saurayin nan hannunsa ya dawo, sai dai daminar ta wuce shi bai riƙe fartanya ba, ƙannensa ƙanana suka yi abin da suka iya a gonar. Inci 2 na katako ne suka jawo wannan hasara.

Saboda haka ku riƙe wannan: hammata ba ta ɗaukar nauyi. Tafin hannu ke ɗauka, a kan mariƙin da ke tsakiyar sandar. Kan sandar jingina kawai ya ke yi da haƙarƙari, don kada ta zame.

Gajeruwar sanda kuma ɓarnarta dabam ce, ba ta kuwa bayyana da wuri. Mai ita sai ya sunkuya kullum, baya ya riƙa ciwo, idonsa na ƙasa, nauyinsa ya rinjaya gaba, abu kaɗan ya kayar da shi. A kan yara ta fi yin aiki. Yaro daga shekara 4 har ya kusa balaga ya kan ƙaru da wajen inci 2 kowace shekara, in ya fara balaga kuwa ya fi haka. Sandar da aka yanka masa daidai bara, bana ta gaza. Uba ya ga ya riga ya biya kafinta sau ɗaya, sandar kuwa ba ta karye ba, sai ya ce a ci gaba da ita. Yaron ya yi ta dogarawa a tanƙware, har ya gaji ya yar da ita ya koma rarrafe, don rarrafen ya fi masa sauri.

Nan ne babbar hasara. Yaron da ke yini a rarrafe ko a zaune, gwiwarsa da kwatangwalonsa kullum a lanƙwashe su ke. A kwana a tashi sai jijiyoyin su ƙage a haka, ƙafa ta ƙi miƙewa ko an ja ta. In abin ya kai nan, sanda kaɗai ba ta isa ta tsayar da shi, sai an je babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, a miƙe ƙafar da filasta ko da aiki, a yi masa takalmin ƙarfe. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye a ke hana shi tanƙwarewa.

Yadda a ke awo

Awon ba shi da wuya, ba ya bukatar komai sai yatsunku. Mara lafiya ya sa takalmin da ya saba sawa, ya tsaya a miƙe a wuri mai daɓe, wani na riƙe da shi, ko ya jingina da bango. Ya saki kafaɗunsa, kada ya ɗage su. A kafa gindin sandar a gefen ƙafarsa, nesa da ita kamar inci 6, a ɗan gaba kaɗan. Sai ka sa yatsunka tsakanin kan sandar da hammata. In yatsu biyu ko uku sun shiga, watau wajen inci 2, tsawon ya yi. In ba su shiga ba, rage. In hannunka duka ya shige, ƙara.

Bayan haka sai mariƙi. Ya saki hannunsa ya rataya a gefen jikinsa. Inda wuyan hannunsa ya tsaya, daidai layin nan da ke tsakanin tafi da dantse, nan mariƙin zai zauna. In ya kama shi za ka ga gwiwar hannunsa ta ɗan tanƙwara kaɗan, kuma daga wannan 'yar tanƙwarar ya ke samun ƙarfin tura jikinsa sama. Mutane da yawa su kan gyara tsawon sanda su manta da mariƙi. Awo biyu ne, a yi su duka, a kuma fara da na tsawo.

In majiyyaci bai iya tashi ba tukuna, ana so a aika wa kafinta, a auna tsawonsa yana kwance daga kai zuwa diddige, a cire inci 16. Abin da ya rage shi ne kusan tsawon sandar babban mutum. Kusa ne kawai, in ya tashi sai a sake gwadawa da yatsu.

Sandar hannu da madogari mai ƙafa huɗu su ma awonsu a wuyan hannu ya ke. Ga wani abu kuma da kusan kowa ke yi a juye: sandar hannu ba a gefen ƙafa mai ciwo a ke riƙe ta ba, a ɗaya gefen ne. In gwiwar hagu ke ciwo, sanda a hannun dama. Ku lura da mai lafiya in yana tafiya, hannun dama da ƙafar hagu tare su ke zuwa gaba. Haka sanda da ƙafa mai ciwo za su tafi tare su raba nauyi. Tsofaffi su kan yi gardama a kan wannan. Kada ku yi musu da su, ku roƙe su su gwada daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, su da kansu za su faɗi abin da suka ji.

Saƙo ga kafinta

Dogarawa da sanda ba sabon abu ba ne. A ƙasar Masar an sami wani dutse da aka sassaƙa fiye da shekara 3,000 da suka wuce, da surar wani mutum mai shanyayyar ƙafa yana riƙe da doguwar sanda. Abin da aka ƙara daga baya ƙarami ne: jerin huji, da ƙusa mai noti. Sandunan alminiyon da a ke sayarwa a birni haka su ke, bututu cikin bututu, da ɗan maɓalli da a ke dannawa ya faɗa huji na gaba. Suna da kyau, ba su da nauyi. Amma ba lalle sai su ba. Kafintan da ya iya yin kujera ya iya yin wannan.

Za a fasa katako sirara biyu dogaye. A sama a haɗa su da ɗan guntu a gicciye, shi ne kai. A ƙasa a matso su su rungumi wani katako na uku, shi ne ƙafar sandar. Wannan na ukun ba a buga masa ƙusa. Sai a huda shi a jere, huji takwas ko goma, tsakanin kowane da na gaba inci 1, a riƙe shi da ƙusa mai noti guda biyu. Biyu mu ka ce, ba ɗaya ba. In ɗaya ce ƙafar za ta riƙa juyawa a kanta kamar almakashi, ta ci hujin har ya tsage. Mariƙi kuma a yi masa huji huɗu ko biyar a jikin sirara biyun, doguwar ƙusa ta ratsa ta cikinsa. In an sami noti mai kunnuwa wanda a ke murɗawa da yatsu, ya fi, don ba sai an nemi sifana ba.

A nemi icce mai ƙarfi wanda ya bushe sarai, kamar maɗaci ko marke ko darbejiya, wanda babu tsaga ko ƙulli a jikinsa. Rimi da kuka ba su yi ba, ba su da ƙwari. Ɗanyen icce kuwa in ya bushe sai ya tsuke, noti ya saki. Kan sandar a naɗe shi da auduga ko soso, baduku ya rufe da fata mai laushi. Gindinta a sa mata roba. In ba a sami ta kanti ba, a yanko tsohuwar taya a buga, amma a buga ƙusoshin ta gefe, don in kan ƙusa ya leƙo ta ƙasa, ranar da ya taka siminti mai ruwa sai santsi ya kwashe mutum. Inda yashi ya yi yawa a faɗaɗa robar, don kada sandar ta riƙa nutsewa.

Sanda ɗaya ba ta yi wa kowa da kowa, ko da huji ashirin gare ta. Ana bukatar ta yara, da matsakaiciya, da ta dogaye.

Abin da masu musu ke cewa

Na farko su kan ce ta fi tsada. Gaskiya ne, akwai kuɗin noti da wahalar huji. Amma ku yi lissafi da kanku. Yaron da aka fara yi wa sanda yana shekara 5, kafin ya kai 15 sau nawa za a sake masa in mara huji ce? Mai huji goma kuwa za ta bi shi shekara huɗu ko biyar, in ya fi ƙarfinta ta koma ga wani yaron.

Na biyu su ce abin da aka haɗa da noti bai kai ƙarfin icce guda ba. Wannan ma gaskiya ne, ba za mu ɓoye muku ba. Noti ya kan kwance, huji ya kan faɗaɗa, sandar ta fara ƙara tana girgiza. Maganinsa a duba ta kowane mako, a ƙara murɗa noti, in an ga tsaga a bakin huji a sake katakon ƙafar tun bai karye da mutum ba. Har ma mu kan ce, babban mutum mai nauyi wanda ya gama girma, wanda kuma zai riƙe sanda iyakar ransa, in ya so a yanka masa mara huji babu laifi, muddin an auna shi tukuna. Hanya mafi kyau ita ce ya fara da mai huji mako biyu ko uku, har a gane awon da ya fi jin daɗinsa, sa'an nan kafinta ya kwafa.

Na uku, kuma shi ya fi wuyar amsawa, shi ne kunya. Dattijo ya kan ce shi bai tsufa ba da zai riƙe sanda. Uwa ta kan ce in aka ba ɗanta sandar guragu an yanke masa hukuncin gurguntaka ke nan, ya saba da ita ba zai koyi tafiya ba. To, Baba, wanne ya fi, a gan ka da sanda a bakin kasuwa, ko a daina ganinka? Tsohon da ya faɗi ya karya ƙashin kwatangwalo, da yawa ba su sake tashi. Wanda kuwa ya kwanta don tsoron faɗuwa, naman ƙafarsa ya kan zube cikin 'yan makonni, gyambo ya fito masa inda ƙashi ke gugar tabarma, majina ta taru a ƙirji, har bayan gida ya gagara. Ke kuma Inna, ƙafa da tsayuwa ta ke yin ƙarfi. Yaron da sanda ta tsayar yana aiki da duk naman da cutar ta bar masa, wanda ke zaune ba ya aiki da ko ɗaya. Da sanda zai je makaranta. Da rarrafe fa, cikin taɓon damina?

Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2016 ta fitar da jerin kayan taimako guda 50 waɗanda ta ce kowace ƙasa ta tabbata talakawanta na samu. Sandar hammata, da sandar hannu, da madogari mai ƙafa huɗu duk suna ciki, tare da tabarau da keken guragu. Watau ba kayan ado aka ɗauke su ba.

Sandunan gari

Mafi yawan masu karaya ba su daɗewa da sanda, wata biyu ko uku sun ajiye. Daga nan sai a cusa ta bayan rumbu, gara ta cinye, ko yara su mai da ita dokin kara. Bayan wata shida wani ya karye a unguwa ta gaba, a fara nema daga farko. Wannan ɓarna ce.

Shawararmu ita ce mai gari da kwamitin lafiya na garin su sa a yi sanduna masu huji, ko da na mutum uku ne, da madogari ɗaya, a ajiye a ɗakin shan magani ko a zauren mai unguwa. A sami littafi a rubuta sunan wanda ya karɓa, da ranar, da hujin da aka sa masa. In ya warke ya mayar. Wanda Allah ya hore wa, maimakon ya mayar da hannu wofi, ya sayi noti ko roba ya haɗa. An ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ga sanda mara huji haka ne, labarin saurayin nan ya isa shaida. Mai huji kuwa ko ta aro ce, minti biyar ya isa a mai da ita daidai jikin wanda ya ara. Sai dai kada a miƙa ta ta kan katanga. Wanda ya san awo shi zai ba da ita, ya gwada da yatsunsa, ya ƙirga hujin ya ga na dama da na hagu sun zo ɗaya. Kafin a ba wani kuma a wanke ta da sabulu, a shanya a rana, a sake abin da aka naɗe kanta da shi, saboda ƙazwa da makero.

Wani abu da ya kamata mu faɗa a nan, ko da ya ɗan kauce: samun sanda ba izinin taka ƙafa ba ne. Likita ko malamin asibiti shi zai ce yaushe za a fara takawa. In kuwa an kai karaya wurin maɗori ya ɗaure, aka ga yatsun ƙafa sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara baƙi, ko ciwo ya hana barci, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Ƙafafu da yawa ta haka aka rasa su.

Tafiya a cikin gida

Wanda aka hana taka ƙafa ɗaya, ya kai sandunan biyu gaba taku ɗaya, ya danna mariƙi da hannuwansa, ya kawo ƙafa mai lafiya. Kada ya yi dogon taku, kada kuma ya zuba ido a ƙafarsa, ya dubi gabansa. In zai tashi daga kujera ya haɗa sandunan a hannu ɗaya ta wajen mariƙi, ɗaya hannun ya dafa kujerar. Madogari mai ƙafa huɗu kuwa ba a jawo shi don a tashi, zai kife. Sai an miƙe tukuna a ke kama shi, kuma a tabbata ƙafafunsa huɗu huji ɗaya su ke. A kan daɓe ko siminti ya ke da amfani, a cikin yashi da kunyoyin gona wahala ne.

Dokin ƙofa shi ke ka da mutane. Wajen hawa ƙafa mai lafiya ke fara zuwa, sanduna da mai ciwo su biyo. Wajen sauka sanduna da ƙafa mai ciwo su ke fara sauka. Kwanakin farko wani babba ya tsaya ta gefen da ke ƙasa, ba ƙaramin yaro ba. A kawar da igiyar awaki daga hanya, da bakin tabarma da ya naɗe, da turmi da taɓarya, a kuma daina zubar da ruwan wanke-wanke a inda ya ke bi.

Yaron da bai taɓa tsayuwa ba, kada a fara shi da sanda. A kafa gwafa huɗu a inuwa, a ɗora gora biyu a jere daidai wuyan hannunsa, ya shiga tsakani ya riƙa kai da kawowa safe da yamma. In an zaɓi gwafa masu rassa biyu ko uku, ɗaya bisa ɗaya, in ya ƙara tsawo sai a ɗaga gorar zuwa reshe na gaba.

Saura maganar salga, wadda ba a son faɗa, amma nan ne tsofaffi da masu karaya suka fi shan wuya, don mai ƙafa ɗaya ba ya iya tsuguno. Waɗansu har su kan rage ci da sha don gudun zuwa, wannan kuwa wata cutar ce. Kafinta ya yi 'yar kujera mai huji a tsakiya wadda a ke ɗorawa bisa bakin salga a kuma ɗauke, tsayinta daidai gwiwar mai ita, yadda in ya zauna tafin ƙafarsa na ƙasa. In an yi ƙafafunta da huji da noti kamar na sanda, ita ma ta shiga kayan aron gari. A kafa turke mai ƙarfi a gefe don dafawa, a wanke kujerar kullum da sabulu ko toka, a mayar da murfin salga saboda ƙuda. Da dare a bar masa fitila kusa da shimfiɗa, sandunan kuma a jingine inda hannunsa zai kai ba sai ya ta da kowa ba.

Duk wanda ke da mai sanda a gidansa, yau da yamma ya tsayar da shi ya sa yatsu a hammatarsa, ya tambaye shi ko yatsun hannunsa na mutuwa, ya juya sandar ya dubi robar gindi. In yaro ne, a maimaita awon bayan kowane wata uku. In an ga abin da ba a gane ba, a zo da shi ɗakin shan magani ranar kasuwa, da sandunan duka biyu, da takalmin da ya saba sawa.